Dwarf Fortress: Kama Dabba Ba Shi Ne Mallakarta Ba

Tun da aka fara kawo ƙarar yaran unguwar nan cewa sun tare a gaban kwamfuta suna wani wasa mai kama da rubutun ƙwari, muka ce bari mu zauna da su mu gani da idonmu kafin mu yanke hukunci. Mun zauna ɗin kuwa, har ma mun taɓa. Wasan sunansa Dwarf Fortress, wato ganuwar wadanni. Wasu 'yan'uwa biyu ne 'yan Amurka, Tarn Adams da Zach Adams, suka ƙirƙiro shi, suka fara sakinsa kyauta a 2006. A watan Disamban 2022 aka fitar da na sayarwa mai zane a kasuwar Steam, amma tsohon, wanda haruffa da alamomi ne ke tsaya wa mutane da dabbobi, har yau kyauta ne, kuma da an sauke shi ba ya neman intanet. Shi ya sa ya samu gindin zama a wurin yaranmu.

Ana ba ka wadanni bakwai da ɗan guzuri, a ce ka kafa gari. Za su haƙa dutse, su yi noma, su yi ƙira, baƙi su zo su ƙaru, maƙiya kuma su biyo ƙanshin dukiya. Babu ranar da za a ce ka ci wasan. Iyakaci dai ka ga tsawon lokacin da garinka zai kai kafin ya rushe. Ɓangare ɗaya muke so mu duba a yau, domin a nan ne muka ga wasan ya fi hankali, a nan ne kuma muka ga ya fi wauta: yadda ake kama halittu da yadda ake amfani da su.

Komai yana farawa ne daga tarkon keji. Makanike zai sassaƙa kunamar tarko da dutse, kafinta ya haɗa keji, a ɗana a ƙasa. Duk abin da ya taka, ya shiga. Dabara ta farko da kowane yaro ya koya ita ce ya yi wa garinsa ƙofa ɗaya tak, da dogon lungu mai ƙunci, ya jera tarkuna a ciki. Ta biyu, wadda sabon shiga kan manta, ita ce ajiye kejin da babu komai kusa da lungun, domin tarkon da ya kama abu ya tashi aiki sai an sake ɗana masa wani kejin. Mun ga garin da ya faɗi ba don rashin tarko ba, sai don kafinta yana can yana yin gadaje.

To, a nan ne ƙorafinmu na farko yake. Tarkon nan ya yi ƙarfi da yawa. Kejin itace da ɗan koyo ya haɗa zai riƙe giwa, zai riƙe dodon nan mai aman wuta, ba ya karyewa, ba ya ƙonewa daga ciki. Rundunar goblin, maƙiyan wadanni na gado, za ta zo da makamai, ta shiga lungu ɗaya bayan ɗaya kamar tumaki, kowa ya faɗa kejinsa. Wasan da ke lissafa raunin kowane yatsa da haƙorin kowane mayaƙi, a ce ya kasa gane cewa itace yana cin wuta? Haba. Gaskiya ne an bar wasu halittu da ba sa taka tarko, irin ɓarayin kobold da manyan namun ƙarƙashin ƙasa, amma wannan faci ne, bai toshe ɓarakar ba. Shi ya sa da yawa daga cikin tsofaffin 'yan wasan suke taƙaita wa kansu yawan tarkon da za su ɗana, don kada abin ya zama zaman banza.

Amma da zarar dabba ta shiga keji, sai wasan ya dawo cikin hayyacinsa. Dabbar daji da ka kama ba taka ba ce tukuna. Sai ka naɗa mata mai horarwa, ya je da abincin da take ci, ya fara lallashi. Horon nan hawa-hawa ne, daga mai ɗan saura da halin daji har zuwa wadda ta horu sosai, kuma gwanintar mai horarwa ce ke nuna inda za ta tsaya. Abin da ya fi burge mu shi ne horon yana zaizayewa. In aka bar dabba ba a sabunta mata ba, sannu a hankali za ta koma yadda aka kamo ta, a tsakiyar garinka, cikin yara da masu girki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon gardawa masu wasa da kura ya san wannan. Shekara nawa gardi ya yi da kurarsa, amma ka taɓa ganin ya cire mata takunkumi da sarƙa a cikin taro? Hausawa suka ce sabo turken wawa, kuma wasan nan kamar da karin maganar aka gina shi.

Mu ma ya koya mana. Mun kama damisa biyu, muka yi ta murna, muka ɗaure su a bakin ƙofa. Sai mai horar da su ya ji rauni ya kwanta asibitin garin, mu kuma hankalinmu ya tafi ga fatake da suka iso. Ba mu naɗa wani a madadinsa ba. Kafin mu ankara, ɗaya ta koma ta daji, ta halaka mai ɗebo ruwa da ya zo wucewa. Ba maƙiyi ne ya yi mana wannan ba, sakacinmu ne. Yaron da ke nuna mana wasan dariya kawai ya yi, ya ce, "Ai Baba, kowa sai da damisa ta ci masa mutum kafin ya gane."

Mafita ɗaya ce, kuma ita ce dabarar da ta fi kowacce daraja: ka kama mace da namiji, ka bari su haihu, ka horar da 'ya'yan tun suna ƙanana. Wanda aka hora yana ƙarami ya zama na gida har abada, ba ya komawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan yana nufin mai gaggawa ba ya cin ribar keji. Wanda ya yi haƙurin shekaru biyu ko uku na cikin wasa shi ne zai wayi gari da garken zakuna ko beyar da zai iya saki ba fargaba.

Daga nan sai tambayar wace dabba ce ta cancanci wahala. Ba kowace ake iya horarwa don yaƙi ba, kuma ko cikin waɗanda ake iyawa, girma ba shi ne riba ba. Giwa tana da kwarjini, amma mai kiwo ce, tana neman fili mai faɗi da ciyawa, garin da ke cikin dutse kuwa ba shi da wannan. Mutanenmu na kara ba sa bukatar a yi musu bayani: sayen sa ba wuya, ciyar da shi kafin a samu mai saye shi ne aiki. Dodon wuta kuwa, ko ya horu, wutarsa ba ta san na gida ba. Sau da yawa kare, wanda ake raina wa, shi ya fi amfani. A ɗaure shi da igiya a bakin ƙofa, shi zai tona asirin ɓarawon da ya laɓaɓo ko mai satar yara, tun kafin ya shige. Akwai kuma wani lissafi: in ka ba wada dabbar yaƙi ta zama tasa, ranar da ta mutu zai shiga baƙin ciki, baƙin ciki kuma a wasan nan yana iya kai mutum ga fasa kaya da dukan maƙwabci. Don haka kada ka haɗa dabbar da za ka tura gaba da wanda zuciyarsa ba ta da ƙwari.

Wata halittar ma ba don yaƙi ake kama ta ba. Ƙaton gizo-gizon kogo, in an tsare shi bayan katanga mai ƙofofin leƙe aka ajiye masa abin da zai hara, zai yi ta feso yana, masaƙa su kwashe su yi siliki mai tsada. Yanar nan kuma in ta rufe tarko, har wasu masu tsallake tarko tana iya jefawa keji. Irin wannan haɗa abu da abu shi ne daɗin wasan na gaskiya, domin ba wanda ya rubuta maka shi a matsayin umarni, kai za ka gano ko ka ji a bakin wani.

Sai batun da bai kwanta mana ba. Goblin ɗin da aka kama ba dabba ba ne, mai hankali ne, yana da suna. Ba a horar da shi, wasan kuma bai ba ka wata hanyar kirki ta fansa ko sulhu da shi ba. Abin da 'yan wasa suka saba yi shi ne su ƙwace masa makamai, su jefa shi rami, sojoji su koyi sara a kansa. Wasan ba ya tilasta ka, amma ba ya tuhumarka. Wasa ne, mun sani, haruffa ne a kan allo. Duk da haka, abin da ya san baƙin cikin wada a kan mutuwar kyanwarsa bai kamata ya yi shiru a kan ɗan fursuna ba. Muna ganin nan ne uba ko yaya zai zauna ya tambayi yaro me ya yi da waɗanda ya kama, ya ji amsar da zai bayar.

Hukuncinmu dai shi ne: wasan ya fi yawancin abin da ke cikin wayoyin yaranmu. Ba caca a ciki, ba a tatsar kuɗi kowane mako, yana kuma sa tunani da haƙuri. Aibinsa, da Turanci yake, koyonsa da wuya, wadanninsa ba sa aiki da kyau sai da giya, kuma yana cin lokaci kamar fara a gona. Wanda zai bar ɗansa ya yi, ya yanka masa lokaci, bayan makaranta da islamiyya, kada ya haɗa da lokacin salla. In kuma yaron ya zo yana cika baki wai ya kama dodo, a tambaye shi wa ya naɗa ya riƙa kula da shi.