Bayan abokin faɗa ya faɗi

A yawancin gidajenmu na Fagge, awon fim ɗaya ne: akwai tsiraici ko babu? Uba zai leƙo falo, ya ga maza cikin dogayen riguna suna tsalle kan rufin ɗaki da takubba, babu rawa babu rungume-rungume, sai ya ce "ai Chanis ne", ya koma harkarsa. Wannan awon ya gaza. A ci gaba da kula da tufafi, ban ƙi ba, amma fim yana iya rufe jikin kowa ruf, kuma ya koya wa ɗan shekara tara cewa duk wanda ya harare ka sai ka rama har da ƙari.

Na san inda sakacin ya samo asali. Faɗan Chanis ba baƙo ba ne a wannan yanki. A Sabon Gari aka buɗe silimar Rex a 1937, daga baya ga Eldorado, ga Plaza da Wapa a Fagge, wadda har yau kasuwar 'yan canji take amsa sunanta. Bruce Lee ya rasu a 1973, shekarar da Enter the Dragon ya fito, amma ya daɗe yana cika gidajen kallo bayan mutuwarsa, kafin Jackie Chan da Jet Li su karɓa. Iyayen yau da yawa a kansu suka tashi, sun yi ihun akta da bos a bakin layi, kuma ga su sun zama mutanen kirki. Shi ya sa suke ganin abin ba komai ba ne. Abin da suka manta shi ne silima tana da ƙofa, tana da kuɗin shiga, da dare ake yi, kuma yaron da aka gano ya je ya san abin da zai tarar a gida. Fim ɗin ma awa ɗaya da rabi ne, a tashi.

Yanzu fim mai dogon zango ake yayi, kashi arba'in ko hamsin. StarTimes tana da tasha sukutum ta kunfu. Shagunan tura fim a waya sun cika unguwa. Ga fassarar Hausa, wadda irin su Algaita suka yi suna da ita, ta sa yaro yana jin kowace kalma, ba kamar zamaninmu da duka kawai muke ganewa ba. Yaro zai yi wata guda tare da jarumi ɗaya, kullum bayan Islamiyya, ya san maganarsa da tafiyarsa fiye da yadda ya san na kawunsa. Wanda zai zauna da ɗanka haka, ya kamata ka san halinsa.

Awon da nake amfani da shi, daga nan Sabon Gari na ɗauko shi, daga gidan dambe na Ado Bayero Square. Dambe ba wasan yara ba ne. Ana fasa baki, haƙori yana fita. Amma ko Arewa ce ta haɗu da Kudu, ko Guramada ce ta fito, ƙa'ida ɗaya ce: turmi uku, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, alƙali ya shiga tsakani, magana ta ƙare. Ba a dukan wanda ya faɗi. Ba a bin sa unguwarsu da dare. Gobe ma za ka gan su zaune a inuwa ɗaya. To, tambayar da nake yi wa kowane fim ɗin faɗa ke nan: idan abokin faɗa ya faɗi, me jarumi yake yi? Yana ja da baya, ko yana ƙarasa shi, a sa masa kiɗa mai daɗi, kyamara ta haska fuskarsa?

Da wannan awon za ka ga finafinan Chanis ɗin ma ba ɗaya ba ne. The 36th Chamber of Shaolin na 1978, mafi yawansa horo ne: ɗalibi yana ɗaukar bokitan ruwa, yana faɗuwa, malami yana mayar da shi baya ya sake. Yaron da ya kalli wannan zai gane cewa ƙwarewa sai da haƙuri da biyayya, ko da yake shi ma fim ɗin a kan ramuwa ya ƙare, don haka yana buƙatar babba a kusa. Fist of Fury na 1972 kuwa daga farko har ƙarshe ɗaukar fansar malami ne. Ba jini ne ya raba su ba, abin da aka ɓata lokaci ana nunawa ne.

Akwai wanda ya fi waɗannan wuyar hukunci, Cobra Kai na Amurka, wanda ya fara a 2018 ya ƙare a 2025 bayan zango shida. 'Yan sakandare ne ke koyon karate, kuma a ɗaya daga makarantun karaten ana koya musu su riga kai duka, kada su ji tausayi. Fim ɗin yana sukar wannan koyarwa, amma a hankali, cikin shekaru. A ƙarshen zango na biyu faɗa ya ɓarke a makaranta, wani yaro ya yi galaba sannan ya sassauta wa abokin faɗansa, shi kuwa ya tashi ya shure shi daga saman bene, wanda aka shure ɗin ya farka ba ya iya tafiya. Babba zai kalli wannan ya ga masifar da gaba take jawowa. Ɗan shekara tara abin da zai gani shi ne wanda ya yi sassauci shi ya sha kashi. A can ma 'yan shekara 14 zuwa sama aka yi wa lamba. A nan lambar ba ta biyo fim ɗin cikin waya.

Wanda ya fi tayar mini da hankali ma ba na waje ba ne. Mutumin da yake tashi sama da takobi a tsohuwar ƙasar Sin, ko ƙaramin yaro ya san tatsuniya ce. Amma fim ɗin daba na Hausa, irin wanda A Duniya ya buɗe wa kasuwa, lungunsa irin namu ne, maganarsa irin ta samarin bayan layi, makaminsa adda da wuƙa da ake samu a ko'ina. Masu yin su suna cewa faɗakarwa suke yi, kuma ban ƙaryata niyyarsu ba. Sai dai sakayyar ɗan daba tana zuwa a kashin ƙarshe, alhali kwarjininsa da kirarinsa suna cikin kowane kashi. A garin da faɗan daba da ƙwacen waya suke cin rayukan matasa, wannan ba abin da za a bar wa yaro shi kaɗai ba ne. Haka wasu masu fassara, sukan ɗora wa jarumin waje baƙar magana da zagin 'yan tasha don a yi dariya, yaro kuma ya kwashe ya kai wa ƙanwarsa.

Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta yi yunƙuri. A 2021 ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a 2024 kuma ta hana na daba. Na fahimci dalilinta, amma hani ba ya kai wa ga abin da ake turawa daga waya zuwa waya, kuma yana haɗa ɗan shekara bakwai da ɗan shekara talatin a hukunci ɗaya. Hukumar tace finafinai ta ƙasa tana da lambobin shekaru, 12 da 15 da 18, sai dai iyaye nawa ne a Kwari ko kasuwar Sabon Gari suka taɓa lura da su? Da za a wajabta wa masu fassara su faɗi shekarun da baki, da Hausa, a farkon kowane kashi, kamar yadda suke faɗin sunan kamfaninsu, uwar da take kicin ma za ta ji.

Kafin a kai nan, aikin na gida ne. A zauna a kalli kashi biyu ko uku daga tsakiya, domin kashin farko kullum da ladabi yake zuwa. A tambayi yaro, "Me ya sa ya dake shi? Da kai ne fa?" Amsarsa za ta nuna abin da yake ɗauka. Ni dai ƙasa da shekara goma ba na yarda da fim mai dogon zango da aka gina a kan ramuwa, ko da digon jini babu a ciki. Idan kuma yaro ya nace da shure-shure a tsakar gida, akwai masu koyar da karate da takwando a Kano. A kai shi wurinsu, inda zai rusuna wa abokin karawarsa kafin a fara, kuma malami zai ce a tsaya ya tsaya.