Maganar Hikima da Tambarinta a Ƙasar Ahaggar

In Amguel ƙaramin gari ne a Aljeriya, a bakin babbar hanyar da ta ratsa Sahara, kimanin kilomita 130 arewa da Tamanrasset. Duniya ta fi jin sunansa saboda dutsen In Ekker da ke kusa, inda Faransa ta yi gwajin nukiliya a ƙarƙashin ƙasa daga 1961 zuwa 1966. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini hankali a wannan yanki na Ahaggar shi ne yadda Buzayensa suka riƙe maganar hikima.

Suna da hirar dare da ake kira ahal. Samari da 'yan mata su taru, wata ta ɗora imzad a cinya: ƙoƙo ne aka rufe bakinsa da fata, tsirkiyarsa ɗaya ta izgar doki, ɗan'uwan gogenmu sak, sai dai a can mata ke kaɗa shi. Tana ja, maza na rera baiti. Abin da ake faɗa bai wuce abin da ke cin ran ɗan Adam ko'ina ba: bege, kunya, rowa, jarumta, da abokin da ya juya baya ranar ƙishirwa. A wannan fage wata mace mai suna Dassin ta shahara, kuma Musa ag Amastan, sarkin Ahaggar da ya rasu a 1920, ya yi mata waƙoƙi.

Charles de Foucauld, malamin Kirista Bafaranshe da ya zauna Tamanrasset tun 1905, shi ya sa waɗannan waƙoƙi a takarda. Ban manta cewa a inuwar mulkin mallaka ya zo ba, amma aikin da ya yi aiki ne. Ya tattara waƙoƙi 575, ya gama gyara su kwanaki kaɗan kafin a kashe shi ran 1 ga Disamba 1916, aka buga su a 1925 da 1930. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsinke baiti daga jikin labarinsa ba. Yakan rubuta sunan mai waƙar, danginsa, da abin da ya faru har bakinsa ya buɗe: harin da aka kai, raƙumin da ya mutu, budurwar da ta ƙi shi. Mutanen da suka ba shi waƙoƙin haka suka haddace su, kamar yadda Buzu ba ya ganin raƙumi sai ya duba tambarin da aka lalasa masa, ya san na wane gida ne.

A nan nake ganin ƙarfin irin wannan magana yake. Baitin da ke yabon haƙuri yana da nauyi idan ka san mai shi ya yi kwanaki bai ga rijiya ba. Cire wannan, sai ya koma kowace nasiha.

Mu ma haka muka gada. Malamai mata na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, waɗanda ake kira jaji, da malfarsu a ka suke shiga ƙauyuka, su rera baitocinta su zauna su warware wa mata ma'anarsu. Imfiraji na Aliyu Namangi ya shiga zuciya domin mai sauraro ya san makahon Zariya ne ke yi masa bayanin duniya.

Yau kuwa abin na ba ni ciwo. Ka buɗe WhatsApp da asuba, ga jimla an ɗora kan hoton faɗuwar rana, an rubuta “in ji masu hikima”, ko a jingina ta ga Imam Shafi'i ko wani Bagirke ba tare da an ce daga ina ba. Gobe ka sake ganinta da sunan wani. Na taɓa tura wa wani dattijon malami irin wannan, ina murna na samo zinariya. Amsarsa gajera ce: “Ɗana, wa ya faɗe ta, kuma wa yake faɗa wa?” Na bi sahu kwana biyu ban gano ba.

A wajen Buzaye kuwa ana ƙoƙarin riƙe gadon. A 2013 hukumar UNESCO ta sa imzad cikin gadon al'adun duniya, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar, a lokacin da tsofaffin matan da suka iya shi suka yi ƙaranci. A Tamanrasset an gina gida domin koya wa 'yan mata kaɗa shi, ana kiransa Dar Imzad.