Jinya a Lungu: Alfanu da Haɗarin Mai Jinya Ɗaya Tilo

Shekarar da kakata ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, likitoci sun sallame ta bayan mako biyu, aka dawo da ita gidanmu da ke Yakasai, a lungun da mota ba ta shiga. Wadda ta karɓi jinyarta wata dattijuwa ce ’yar unguwarmu, tsohuwar ma’aikaciyar asibiti da ta yi ritaya. Ba ta da ofis, ba ta da mataimaki, sai jakarta da na’urar auna hawan jini. Irinta suna nan a Mandawari da Sheshe da Makwarari, kuma a kansu nake son yin tsokaci, domin na lura cewa ƙarfinsu da rauninsu tushensu ɗaya ne, wato sanayya.

Alfanun sanayya a bayyane yake. Bahaushe yana ganin kai tsoho gidan gajiyayyu, irin na Shahuci, a matsayin abin kunya ga zuriya. Zirga-zirga zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano da mutumin da ba ya iya tsayuwa kuwa wahala ce da kashe kuɗi. Mai jinyar unguwa ita ke cike wannan giɓi. Tamu takan shigo da sallama bayan asuba, ta ce, “Hajiya, barka da kwana, ya ƙarfin jiki?” sannan ta juya ta, ta goge mata jiki, ta taimaka mata ta yi alwala. Ta san abincin da tsohuwa ke so, ta san lokacin da shirunta ke nufin ciwo. Idan kuɗi ya yanke, takan jira ƙarshen wata.

Sai dai sanayyar nan ita ce ta rufe mana baki. Wata rana ta ɗaura wa kakata ƙarin ruwa ba tare da umarnin likita ba, alhali ƙarin ruwa yana iya zama haɗari ga mai hawan jini ko raunin zuciya. Mahaifina ya ji ba daɗi, amma wa zai tuhumi matar da yake kira Baba? Kunya ta maye gurbin bincike. Ba a rubuta maganin da aka bayar, ba a rubuta awon jini, komai yana kanta. Da ta tafi Umara na mako uku, ba wanda ya san ka’idar juya majinyaci duk bayan sa’o’i biyu, har gyambon kwanciya ya fito wa tsohuwa a ƙugu. A nan na fahimci gaskiyar masu iya magana: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hukuma ma tana da nata laifin. Jihar Kano tana da hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, tana kuma rufe waɗanda ba su da rajista, amma idon da ke neman gini da allo da wuya ya hango mai jaka a cikin lungu. A 2018 an sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, duk da haka ban ga tasirinta a ɗakin kakata ba.

Ban yarda cewa hani shi ne mafita ba, domin talaka ne zai yi asara. A ƙasar Holan, Jos de Blok ya kafa Buurtzorg a 2006, inda ma’aikatan jinya ke aiki a ƙananan rukunoni da ba su wuce mutum 12 ba, kowane rukuni da unguwarsa. Darasin shi ne, ƙanƙanta ba aibi ba ce, kaɗaici ne aibi. A birninmu za a iya rubuta sunayen masu jinya ta hannun mai unguwa, a haɗa su da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a wajabta littafin rubuta magani a kowane gida, kowace kuma ta sami mai riƙe mata idan uzuri ya taso.

Kakata ta rasu tana sa wa Baba albarka, ni ma ina sa mata. Amma da akwai wannan littafi da mataimakiya ɗaya, da tsohuwa ba ta ƙare kwanakinta da gyambo ba.