Wa ke ɗauke da kayan? Nazari kan kunna sauti da bidiyo a manhajojin kwamfuta

Duk wanda ya zauna koyon shirya manhajar kwamfuta da Qt, ko JavaFX, ko wxWidgets, zai iso darasin da ya fi kowanne burge ɗalibi, wato darasin kunna bidiyo. Layukan umarnin ba su wuce biyar ko shida ba. Ka ƙirƙiri abin kunnawa, ka nuna masa tagar da hoto zai fito, ka haɗa shi da lasifika, ka ba shi sunan fayil, ka ce ya fara. Nan take fim ya kama motsi a cikin tagar da kai ka zana da hannunka. Wannan sauƙin shi ne alƙawarin da waɗannan kayan aikin shirya manhaja suka daɗe suna yi: rubuta sau ɗaya, ya yi aiki a Windows da Linux da kwamfutocin Apple. A kan maɓalli da taga da akwatin rubutu, alƙawarin ya cika tuntuni. A kan sauti da bidiyo kuwa, an shafe kusan shekara ashirin ana ɗauka ana ajiyewa, kuma dalilin hakan ya cancanci a tsaya a duba shi.

Abin da muke kira fayil ɗin bidiyo hawa biyu ne. Akwai mazubi, irin su MP4 da MKV da AVI da 3GP, wanda aikinsa shi ne jera hoto da sauti da rubutun fassara a wuri ɗaya, tare da bayanin lokacin da kowanne zai fito. Sannan akwai kodek, wato dabarar da aka bi aka matse hoton ko sautin, kamar H.264 ga hoto, ko MP3 da AAC da Opus ga sauti. Sunan da ke ƙarshen fayil mazubin kawai yake faɗa maka. Fayil biyu za su iya amsa sunan MP4, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya ƙi, domin abin da ke cikinsu ba iri ɗaya ba ne.

Matsewar kuma dole ce. Hoto ɗaya mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan 2. Idan kowane ɗigo ya ci bayit 3, hoton ya kai megabayit 6. A jera 25 a daƙiƙa ɗaya, kamar yadda tsarin talabijin ɗinmu yake, an haura megabayit 150 ke nan, kuma awa guda za ta cinye fiye da gigabayit 500. Fim ɗin da ke zaune a cikin gigabayit ɗaya ko biyu a katin wayarka ya samu shiga ne saboda kodek ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye cikakke guda ɗaya, sannan ya riƙa rubuta bambancin da ke tsakaninsa da na gaba. Shi ya sa idan ka ja fim zuwa tsakiya yakan ɗan yi jinkiri, ko ya sauka ba daidai inda ka nuna ba: sai injin ya koma baya ya nemo cikakken hoto mafi kusa, ya gino sauran daga nan.

Sai batun agogo, wanda ni a ganina shi ne wurin da gwanintar wannan fanni ta fi bayyana. Kowane hoto yana da kashi 40 cikin 1,000 na daƙiƙa ya fito ya ba na gaba wuri. Shi kuwa sauti ana tura shi ga na'urar sauti a ƙananan awo 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa, kuma agogon wannan na'ura ba lallai ya yi daidai da na allo ba. Kunne ba ya yafe tsinkewa ko ta ƙiftawar ido ce, amma ido yakan bar hoto ɗaya ya ɓace bai lura ba. Saboda haka yawancin injuna suna naɗa sauti shugaba, hoto ya bi shi. Idan kwamfuta ta gaji, a zubar da hoto a kiyaye murya. Duk lokacin da ka ga leɓen ɗan wasa ya riga maganarsa, wannan lissafin ne ya kwance.

To, ko ɗaya daga cikin wannan aikin ba ya cikin layuka biyar ɗin nan, kuma a tarihi ba ya cikin Qt ɗin kansa. Qt dillali ne: ka faɗa masa abin da kake so, ya juya ya nemo mai kaya. Tambayar da ta raba kan masu wannan sana'a ita ce, wane ne mai kayan? Wanda ka tarar a kwamfutar mai amfani, ko wanda ka zo da shi?

Tarihin KDE da Qt ya nuna yadda aka gwada amsa ta farko har ƙarshenta. KDE, wato tsarin fuskar kwamfuta na Linux da Matthias Ettrich ya fara a 1996 a kan Qt, ya jingina harkar sautinsa a zubi na 2 da na 3 ga wani inji guda mai suna aRts. A ƙarshen 2004 mai injin, Stefan Westerfeld, ya sanar cewa ya bar aikin, aka bar ɗimbin manhajoji rataye da abin da ba mai kula da shi. Darasin da mutanen KDE suka ɗauka shi ne kada su sake ɗaura kansu ga inji ɗaya. Daga nan Matthias Kretz ya fito da Phonon, wani siririn hawa da ke tsakanin manhaja da inji, ta yadda za a iya zare injin xine a saka na GStreamer ba tare da mai manhaja ya sauya layi ɗaya ba. Phonon ya fito tare da KDE 4 a Janairun 2008. A shekarar 2008 ɗin kamfanin Trolltech na ƙasar Norway, mai Qt a lokacin, ya shigar da shi cikin Qt 4.4, ya kuma rubuta masa mahaɗai uku: DirectShow a Windows, QuickTime a Mac, GStreamer a Linux.

Tunani ne mai kyau, kuma ya magance ciwon da aka yi shi dominsa. Sai dai ya zo da nasa. Hawa ɗaya da zai zauna a kan injuna huɗu ko biyar ba zai iya alƙawarin komai ba sai abin da dukansu suka iya, wato mafi ƙaranci. Mafi muni, halin manhaja ya koma hannun abin da ba a gani. Injin nan yana sanar da tsawon fim tun kafin ya fara, wancan sai ya fara. Wannan yana jan fim daidai, wancan yana tsallake daƙiƙoƙi. Mai manhaja ya rubuta abu ɗaya, amma abu uku yake rarrabawa, kuma ɗaya kawai ya gwada, wanda ke kan teburinsa.

Da Qt 5 ya fito a Disambar 2012, an cire Phonon an kawo Qt Multimedia, amma aƙidar ba ta sauya ba: a dogara da abin da babbar manhajar kwamfutar ta tanada. A Windows wannan na nufin DirectShow ko Media Foundation, kuma abin da za su iya buɗewa ya danganta da kodek ɗin da ke cikin wannan kwamfutar takamaimai. Amsar da aka saba bai wa wanda ya yi kukan baƙin allo ita ce ya je ya sauke ƙunshin kodek irin K-Lite ko LAV Filters ya girka. A nan nake ganin al'adar ta yi kuskure babba. Mai manhaja ya yi alƙawari, kayan aikinsa sun miƙa alƙawarin ga Windows, Windows ta miƙa shi ga mai amfani, mutumin da bai taɓa jin kalmar kodek ba. Java ma ba ta tsira ba. Java Media Framework da kamfanin Sun ya fito da shi a 1997 ya tsaya cak tun 2003, JavaFX da ya biyo baya kuma ya taƙaita ga 'yan nau'o'i kaɗan, MKV ba ya ciki.

Ba lalaci ne ya jawo haka ba, kuma adalci ne a faɗi hakan. Shari'a ce da kuɗi. MP3 da H.264 da AAC duk an yi musu rajistar haƙƙin ƙirƙira, kuma wanda ya rarraba manhajar da ke warware su yana iya fuskantar biyan kuɗin lasisi. Microsoft da Apple sun riga sun biya, don haka jingina da su hanya ce ta kauce wa lauyoyi. A ɓangaren Linux, GStreamer ya kasa kayansa kashi-kashi, ya ware kashi guda musamman ga waɗanda aikinsu ke da kyau amma rarraba su ke da matsalar doka. Fedora ba ta ba da cikakken goyon bayan MP3 ba sai a 2017, shekarar da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta rufe shirin lasisinsa. Ko Windows ɗin da aka dogara da ita ba iri ɗaya ba ce. A 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Microsoft Yuro miliyan 497, ta kuma tilasta masa fito da Windows marar Media Player. Irin waɗannan Windows ɗin su ne masu harafin N a sunansu, kuma manhajar da ta dogara da kayan sauti da bidiyo na Windows takan yi shiru a kansu har sai an ƙara musu wani ƙunshi na daban.

Can gefe guda kuma akwai masu amsa ta biyu. VLC ya faro ne a 1996 a matsayin aikin ɗalibai a makarantar École Centrale ta birnin Faris, aka buɗe tushensa ga kowa a 2001. Farin jininsa bai zo daga kyan fuska ba. Ya zo ne daga abu ɗaya: yana tafe da kodek ɗinsa a jikinsa, bai tambayi kwamfutarka komai ba. Yawancin wannan ƙarfi daga FFmpeg yake, aikin da Fabrice Bellard ya fara a 2000, wanda a yau yake ƙarƙashin Chrome da mpv da OBS da wasu da yawa. Abin lura, tun 2008 fuskar VLC a Windows da Linux da Qt aka gina ta. Wato shahararren abin kunna bidiyo da aka yi da Qt ya karɓi maɓallai da tagogin Qt, ya bar masa sashen bidiyonsa. Wannan shaida ce da ta fi kowace muhawara nauyi.

Daga ƙarshe Qt ya bi sahu. Qt 6 ya fito a Disambar 2020 babu sashen sauti da bidiyo kwata-kwata. Aka sake gina shi ya dawo a 6.2 a 2021, sannan a 6.5, a Afrilun 2023, FFmpeg ya zama injin da ake amfani da shi kai tsaye a kwamfutocin tebur. Ina ganin wannan shi ne daidai, ko da yake ya zo a makare.

Amma kada a ɗauka kyauta ce. Wanda ya zo da injinsa ya ɗauki nauyin da a da yake kan Microsoft ko Apple. Warware bidiyo aiki ne na karanta fayil ɗin da baƙo ya ƙera, kuma nan ne ɓarayin intanet suka fi neman ƙofa. A farkon 2014 wasu masu bincike biyu na Google suka bayyana cewa gwajin da suka yi ta yi wa FFmpeg da gurɓatattun fayiloli ya kai ga gyara kurakurai fiye da 1,000. An gyara su, amma gyaran ba ya isa ga manhajar da ta ɗauki tsohon zubi ta rufe ƙofa. Akwai kuma sharuɗɗan lasisin LGPL da GPL, waɗanda sai an karanta su da natsuwa kafin a sayar da manhaja, ga batun haƙƙin ƙirƙira da bai gushe ba ga sababbin kodek irin H.265. Sannan dole injin ya san yadda zai miƙa aikin ga katin hoto, in ba haka ba ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ɗauki zafi, batir ya ƙare kafin fim ya kai rabi.

Duk da haka, idan na dubi irin fayilolin da ke yawo a hannun mutanenmu, ba na shakkar wace hanya ta fi. Karatun tafsiri da aka naɗa da tsohuwar waya a 3GP, muryarsa a matse da kodek ɗin AMR. Saƙon murya na WhatsApp, wanda Opus ne a cikin mazubin Ogg. Fim ɗin da ya bi ta hannun masu tura finafinai a kasuwa, aka juya shi daga wannan nau'i zuwa wancan, wani lokaci ma sunan ƙarshen kawai aka sauya. Ga kuma MP4 da wuta ta ɗauke ana cikin naɗarsa: na'urori da yawa sai a ƙarshe suke rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake, idan bai rubutu ba fayil ɗin ba ya buɗuwa, abin da ya sa masu amfani da manhajar naɗar bidiyo ta OBS suka daɗe suna ba da shawarar naɗa a MKV. Kwamfutar da za ta karɓi waɗannan sau da yawa ta hannu ce, Windows ɗinta ta daɗe ba ta ga sabuntawa ba, mai ita kuma yana lissafin kuɗin data. A ce masa ya je ya sauke kodek daidai yake da a ce masa manhajar ba tasa ba ce.

Akwai wani ƙaramin abu da littattafan koyarwa suka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi damuna. Kusan duk misalan suna nuna yadda ake cewa a fara, kaɗan ne ke nuna abin da za a yi idan bai fara ba. Alhali Qt yana aiko da sanarwar kuskure, GStreamer ma haka, libVLC, injin VLC, ma haka. Ɗalibi ya saba da barin wannan sanarwa ta faɗi ƙasa, mai amfani ya zauna gaban baƙin allo yana zargin kansa ko kwamfutarsa.

Don haka ɗan'uwa mai shirya manhajar makaranta, ko ta gidan rediyo, ko ta ajiye karatuttukan malamai, ka tafi da injinka a cikin manhajarka, ka riƙa sabunta shi duk lokacin da aka fitar da gyara. Ka tara fayiloli daga wayoyin mutanen da za su yi aiki da ita, har da tsofaffi da guntaye da masu sunan ƙarya, ka gwada su a kwamfutar da ba taka ba. Idan kuma fayil ya ƙi buɗuwa, manhajarka ta faɗa wa mutum dalili, da Hausar da zai gane.