Ɗan Kokowar da Ba Ya Kayuwa

Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu a Ajekoriya da Kornaka da sauran garuruwan Dakoro a jihar Maraɗi, samari kan fito fage da walki da guraye, makaɗa na zuga su. 'Yan kallo kaye suke jira, guɗa kuma ta wanda ya ɗaga abokin karawarsa ya maka da ƙasa ce. Tsofaffin 'yan kokowa da ke zaune a gefe kuwa, ƙafar yaro suke kallo. Daga yadda ya kafa ta cikin yashi suke gane ko zai yi nisa, domin sun san ƙin faɗuwa shi ne tushen wannan sana'a.

Tsarin gasar Takobi ta ƙasar Nijar ma yana tare da su. Jihohi 8 kowace kan kawo 'yan kokowa 10, a yi kwanaki ana karawa, kullum ana ƙirga waɗanda ba su faɗi ba. Komai yawan mazajen da mutum ya kayar, ranar da bayansa ya taɓa ƙasa ya yi sallama da takobin bana. Da wannan gwaninta Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya lashe gasar farko a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, har aka sa wa filin kokowar Maraɗi sunansa. Da ita kuma Kadri Abdu, wato Issaka Issaka na Doso, ya ɗauki takobi har sau 6.

Farkon abin shi ne tsayuwa. Gwani yakan buɗe ƙafafunsa, ya karya gwiwa, ya ja ƙugu baya, ya sauke nauyinsa ƙasa kamar turken da aka kafa sosai. Ba ya haɗe ƙafa, ba ya giciye ta, idan zai matsa jan ta yake yi cikin yashi, don ɗan lokacin da ƙafa take sama shi mai taɗiya yake nema. Wanda ya miƙe tsaye ya miƙa ƙugunsa kyauta. Wanda ya sunkuya fiye da kima kuma, danna ƙeya kaɗan zai kifa shi.

Sai aikin hannu, wanda mai kallo daga nesa yake ɗauka wasa ne. Wannan mare-maren hannu da ake yi kafin a sarƙe, faɗa ne a kan wa zai shigar da hannunsa ciki. Wanda hannunsa ya shiga ƙarƙashin hammatar ɗan'uwansa, ko ya kai ga ƙugu, ya samu abin ɗagawa. Saboda haka mai tsaro yake matse gwiwar hannu a jikinsa, yana kaɗe duk hannun da ya doso shi. Idan aka kawo masa sura a ƙafa, sai ya watsa ƙafafun baya cikin ƙiftawar ido, ya saki nauyin ƙirjinsa a kan kafaɗar mai harin. Nan take mai neman kaye ya koma neman hanyar tashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsa. Yana jin numfashin abokin karawa, yana jin lokacin da riƙo ya fara saki, yana sanin ƙafar da nauyi ya koma kanta. Jama'a na ihu a shiga, shi bai kula ba. Sai wancan ya gaji ya kawo hari da dukan ƙarfinsa, gwani ya goce, ya bi da shi inda dama ya nufa. Yawancin kayen da ake yi wa guɗa, a cikin wannan jira aka shirya shi.

Wannan fasaha tana cin kasuwa har a Amurka. A ƙwallonsu na gasar NFL, kowane ɓangare na da mutum 11 a fili, masu tsaron layin gaba kuma aikinsu shi ne su ƙi turuwa, su ture ƙaton da ya tare su, su kayar da mai riƙe da ƙwallo, duk cikin daƙiƙu kaɗan. Abin da masu horarwa ke nanata musu shi ne wanda ya fi yin ƙasa da ƙugu shi ke nasara, hannu kuma ya shiga ciki. Curley Culp zakaran kokowar jami'o'in Amurka ne na masu nauyi a 1967, kafin ya ci kofin Super Bowl da Kansas City Chiefs a 1970, kuma a 2013 aka shigar da shi zauren gwarzayen wasan. Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya, ya ci kofin sau biyu da New York Giants, a 2008 da 2012, sannan ya jagoranci sansanin farko da NFL ta yi a Afirka don neman matasa, a Accra a 2022. Ƙafa da ƙugu da hannun da suke nema, su ake sarrafawa a fagenmu kowace kaka.

Don haka kirana ga iyayen fage na Ajekoriya da kewaye shi ne, kafin a koya wa yaro ɗaga mutum, a koya masa tsayuwa. A sa shi ya saba da jan ƙafa cikin yashi, da kaɗe hannu, da jira. Ku kuma 'yan kallo, idan kun ga yaron da aka yi ta kai wa hari ya ƙi kayuwa, ku ba shi kari kamar yadda kuke ba wanda ya yi kaye, domin irinsa ne zai iya dawo wa Maraɗi da takobi.