Wuƙar Laguiole da Aikin Hannun Maƙerinta

A tsaunukan Aubrac da ke kudancin Faransa akwai ƙauyen makiyaya mai suna Laguiole. Mutanensa ba su kai dubu biyu ba, amma wuƙa ta kai sunansa ko'ina a duniya. Wajen 1829 maƙeran ƙauyen suka fara ƙera wata siririyar wuƙa mai naɗewa, wadda ruwanta ke komawa cikin ƙota, ta shige aljihu ba sai da kube ba.

Kayan aiki ce tun asali. Wajen 1840 aka ƙara mata basilla, domin in saniya ta ci ɗanyar ciyawa cikinta ya kumbura, makiyayi ya huda ya fitar da iska kafin ta halaka. Wajen 1880 kuma, da 'yan yankin suka kwarara Paris neman kuɗi a shagunan abinci da abin sha, aka ƙara mata murɗaɗɗen ƙarfen zare murfin kwalba.

Wanda ya san wuƙa, da zarar an miƙa masa ita bayanta yake fara juyawa. A can sifirin yake, ƙarfen da ke riƙe ruwan wuƙar a buɗe ko a rufe, kuma a kansa gwani ke nuna gwanintarsa. Zai ɗaure sifirin, ya ɗauki ƙananan magagarai, ya riƙa cin ƙarfen kaɗan-kaɗan har zanen ganye ko igiya ko sarƙa ya fito daga sama zuwa ƙasa. Kuskure ɗaya ya isa ya ɓata aikin, don ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa. Maƙera da yawa suna da zanen da aka san su da shi, kamar yadda ake gane ɗinkin hular wani gwani tun daga nesa. A kan sifirin, daidai inda ya haɗu da ruwan wuƙar, ake sassaƙa ƙudan zuma. A wuƙa ta gari, ƙudan da sifirin ƙarfe guda ne da aka buga aka fitar. A mai araha, walda aka yi aka manna shi. Wannan bambanci kaɗai yakan raba farashi nesa ba kusa ba.

Labarin da ake yawan bayarwa cewa Napoleon ne ya ba ƙauyen ƙudan zuman nan ba shi da hujja.

Ƙotar ma tana da nata masoyan: ƙahon saniya, ko itacen zaitun, ko ƙashi, galibi da ƙananan ƙusoshi da aka jera a siffar gicciye. Tunda babu ƙaho biyu masu launi ɗaya, da wuya a sami wuƙa biyu na hannu da suka yi daidai, kuma abin da ke jan masu tara wuƙaƙe ke nan. Kowace shekara a watan Mayu sukan taru a baje kolin Coutellia a garin Thiers, su ga maƙeri ido da ido.

Thiers ɗin nan ita ta riƙe sana'ar lokacin da ta kusa mutuwa a ƙauyen a ƙarni na 20. A da, masu wasa wuƙa na garin rub da ciki suke aiki a kan katako bisa dutsen da kogin Durolle ke juyawa, da kare kwance a kan ƙafafunsu don ya ɗumama su. Sai 1987 aka sake buɗe maƙera a Laguiole kanta, a ginin da Philippe Starck ya zana, mai ƙaton ruwan wuƙa na mita 18 a samansa.

Abin takaicin shi ne sunan ya daɗe ba shi da kariya. Masana'antun Sin da Pakistan suna buga shi a kan wuƙaƙen inji, har da ƙudan zumansu, Laguiole da Thiers kuma sun yi shekaru suna shari'a kan wanda ya fi cancanta da shi. Asarar kan maƙerin da ya yini da magagari take faɗawa. Don haka duk wanda zai saya, kada sunan da ke jiki ya ruɗe shi: ya nemi tambarin maƙerar a kan ruwan wuƙar, ya duba ko ƙudan bugu ne ko walda, sannan ya tambayi garin da aka ƙera ta.