Rawar Pottan a Kan Garwashi

Wanda ya san rawar Indiya ta majigi kaɗai, saurayi da budurwa suna waƙa a kan tudu, zai sha mamaki in ya ga Tayyam. Rawa ce ta ibada wadda mabiya addinin Hindu suke yi a arewacin jihar Kerala, wajen Kannur da Kasaragod, a farfajiyar ƙananan ɗakunan bauta, tun daga ƙarshen Oktoba har zuwa Mayu. Irinta sun fi 400. Mai rawa yakan kwanta sa'o'i ana yi masa zane a fuska, sa'an nan a miƙa masa madubi. Masu bauta sun gaskata cewa da zarar ya dubi kansa, allahn da suke jira ya sauko ke nan.

A cikinsu duka, Pottan ne ya fi tsaya wa mutum a rai. Labarin ya ce allahnsu Shiba ya ɗauki kamannin ƙasƙantaccen mutum, ya tare wa babban malami Shankara hanya. Malamin ya ce masa ya kauce kada ya ƙazantar da shi. Shi kuwa ya tambaye shi ko jinin jikinsu launi dabam ne.

Ƙarfin wasan ba a gwanintar ƙafa yake ba, gama takun ba shi da wani ado mai yawa. Yana wurin mai takawa ne. Masu yin Pottan galibi ƴan dangin Malayan ne, waɗanda a dā manya ba sa yarda ko su taɓa su. An kwana ana ƙona tulin itace, ganguna suna tashi, sai ga shi cikin ganyen kwakwa ya kwanta a kan garwashi yana dariya, yana ba'a, masu gona da masu asali kuwa sun sunkuyar da kai suna jiran albarkarsa.

Shi ya sa Tayyam ɗin da ake kai wa dandali domin baƙi masu yawon buɗe ido ba ya gamsarwa. Kayan suna nan, launi yana nan, amma ba wanda aka tsawata wa, ba wanda ya ji kunya.

Duk da haka, ko a farfajiyar akwai abin dubawa. Tsarin mulkin Indiya ya haramta ƙyamar taɓa ƙasƙantattu tun 1950, amma girman mai rawa na kwana ɗaya ne. In an wanke fuska, yakan koma ƙwadagonsa, wani lokaci da ƙuna a baya.